Gonar gindin dutse ba ta sayarwa ba ce

Jiya bayan sallar isha'i Baffa ya zo gidan da muke haya a nan cikin Katsina, ya ce wani ya taya gonarmu ta gandu da ke yammacin Safana, wajen dajin Rugu. Kuɗin da aka ambata ko shanun huɗa biyu ba za su saya ba. Na ce masa, "Baffa, ka yi mini aikin gafara, amma ba da yawuna ba."

Na san dalilinsa, kuma ban raina shi ba. Damina huɗu ke nan rabonmu da zuba iri a can saboda 'yan bindiga, kamar dubban mutanen Batsari da Ɗanmusa da suka baro gidajensu. Ga haya, ga cefane, kuma mutumin da bai taɓa awo ba a rayuwarsa yau shi ne ke tsaye gaban mai tiya. Wannan ciwo ne.

Sai dai mai tayin ya san abin da yake yi. Yana sayen tsoronmu ne da araha, ya jira ƙura ta lafa.

Wanda bai taɓa noman tudu ba ba zai gane ba. Gonar a gangare take, ruwa na saukowa daga kan dutse da ƙarfi, ya kwashe ƙasa ya bar tsakuwa. Kakanmu da 'ya'yansa suka ɗauki duwatsu a ka, ɗaya bayan ɗaya, suka jera su layi-layi a gicciye don su tare ƙasa. Har yau jerin na nan. Ina yaro nakan zauna a kai in sha furar da Inna ta kawo da hantsi, ƙwaryar a rufe da faifai. Akwai gawo uku a tsakiya da Kaka ya hana kowa sara, domin gawo da damina yake zubar da ganye, geron da ke ƙarƙashinsa kuwa ya fi na ko'ina kauri. Da rani Fulani su sauka da shanunsu su kwana a gonar, su bar mana taki, mu ba su dami. Haka aka zauna shekara da shekaru, kuma ina faɗin wannan ne da gangan, don yaran yanzu su san an yi wannan zaman.

Aikin gandu daga safe ne zuwa azahar, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Rumbu kuwa ba mai buɗe shi sai maigida. A farin 1973, da shuka ta ƙone a tsaye, tsohon geron da Kaka ya hana a taɓa shi ya riƙe gidan, har da maƙwabta. Ya ce daga bakin mahaifinsa ya ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914, shi ya sa ba ya yarda a ga ƙasan rumbu.

Ga kuma maƙabartarmu a bayan kukar da ke kan iyaka. Kaka na can, Inna na can.

Na gaya wa Baffa zan ɗauki hayar gidan ta bana, ko da zan sayar da babur ɗina. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni ko ina ganin gawon nan uku suna tsaye har yanzu.