Ƙaras a Teburin Mai Shayi

(Bayan sallar Isha'i, a teburin mai shayi. Alhaji na zaune kan benci ya dafe ciki da hannu ɗaya, ɗayan yana laluben tsakiyar bayansa, ya kasa kaiwa.)

ALHAJI: Wata uku ke nan cikin nan a ɗaure tamau, kamar an ja mini tazuge. In na miƙe kuma, nan tsakiyar baya ya amsa.

WANZAM: Mataccen jini ne, Alhaji. Ƙaho huɗu, gobe da hantsi, ka tashi garau.

MAI SHAYI: Kai ko mutum tuntuɓe ya yi, ƙaho ne.

ƊAN BOKO: Alhaji, bari ka ga wani abu. (Ya zaro sabuwar waya, ya kunna bidiyon masu danna ƙashin baya.) Kairofaraktik ake ce masa.

SARKIN ƊORI: Kai wa faranti?

ƊAN BOKO: Kairofaraktik, Baba Sarki. Kalmar Girkanci ce, ma'anarta aikin hannu.

SARKIN ƊORI: Oho. Mu da ƙafa muke yi ke nan.

ƊAN BOKO: Ba haka nake nufi ba, ranka ya daɗe. A Amurka aka fara, jihar Ayowa, a 1895. Wani Daniel Palmer ne ya ce ya danna bayan wani mai shara da ba ya ji sosai, kunnensa ya buɗe.

WANZAM: Ya danna baya, kunne ya buɗe? Allah ya sa bai danna kunne ba, da ba mu san inda zai buɗe ba.

SARKIN ƊORI: Gado ya yi?

ƊAN BOKO: A'a, ya taɓa riƙe kanti ma.

SARKIN ƊORI: Ɗan tireda! Ni kakan kakana ke ɗora ƙafar doki. To hukuma ta ƙyale shi?

ƊAN BOKO: Sun ɗaure shi a 1906, don ba shi da lasisin aikin likita.

ALHAJI: Ni ina kukan ɗaurewar ciki, ka kawo mini wanda shi kansa aka ɗaure.

ƊAN BOKO: Tsaya mana, Alhaji, akwai ilimi a ciki. Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne: bakwai a wuya, goma sha biyu a inda haƙarƙari ke maƙale, biyar a ƙugu. Jijiyoyin da ke fitowa daga na ƙasa-ƙasa cikin sha biyun nan, su ke zagayowa ta gefe su shiga naman ciki. Ta goma ma daidai cibiya take sauka. In wata ta matsu a baya, sai ka ji kamar an ɗaura maka ɗamara a gaba.

ALHAJI: Wallahi haka nake ji! Ɗamara!

MAI SHAYI: Ɗamarar ba ta hana ka taliya biyu da ƙwai huɗu ba dai. Da yaji cokali uku, ƙarfe sha ɗayan dare.

ALHAJI: Wa ya sa bakinka?

MAI SHAYI: Littafin bashi. Ga ƙwayar ciwon jikin da kake haɗiya kullum da safe kafin ka karya.

ƊAN BOKO: To ka ga, nan kuma magana ta sauya. Irin ƙwayoyin nan suna iya jawo gyambon ciki, shi kuma zafinsa kan buga har baya. Haka ciwon madaciya. Danna baya ba ya warkar da su. Ciwon ƙugu ne aka fi samun shaidar yana ɗan yi wa amfani. Wata uku ba wasa ba ne, asibiti ya kamata ka fara zuwa a duba.

ALHAJI: Nawa ne asibitin?

ƊAN BOKO: Kati, awo, wataƙila da hoto...

ALHAJI: Sarki, kai nawa ne naka?

SARKIN ƊORI: Zakara ɗaya. Amma tunda kai ne, shayi mai kauri.

ALHAJI: Bismilla.

(Ɗan Boko ya ajiye waya a kan benci yana ƙoƙarin hana su. Alhaji ya naɗe babbar riga ya kwanta rubda-ciki.)

ƊAN BOKO: Baba Sarki, su fa shekaru suke yi a makaranta kafin su taɓa mutum! Kuma ƙarar da kake ji a bidiyo ba ƙashi ne ya koma wurinsa ba, iska ce a cikin ruwan gaɓa.

SARKIN ƊORI: Yaro, matsa. (Ya tofa a tafin hannu, ya ɗora gwiwa.) Alhaji, saki numfashi.

(ƘARAS!)

WANZAM: Allahu Akbar!

ALHAJI: (Ya miƙe yana juya kafaɗa.) Kai! Na ji sanda ya koma! Cikin ya saki sarai. Mai shayi, ƙara ƙwai biyu.

SARKIN ƊORI: Ka gaya wa mutanen Ayowa su turo ɗalibai.

ƊAN BOKO: Ikon Allah. Ko a bidiyo ban taɓa jin mai ƙarfin wannan ba. Bari in ɗauka a... Ina wayata?

MAI SHAYI: (Ya ɗago ta daga inda cikin Alhaji ya kwanta, gilashin na zuba.) Sarki, kana ɗorin wannan?