Ba addinin shugaba nake tambaya ba, halinsa nake tambaya

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a fadodin matasa da rumfunan kasuwar Dole, duk inda aka tada hirar masu mulki sai ka ji wani ya ce to bari ya ci mana in dai zai yi aiki, wai ai kowa ma ci yake yi, gara mai ci yana aiki da mai tsoron Allah da bai iya komai ba. Maganar nan tana damuna ƙwarai, kuma abin da ya fi damuna shi ne har a bakin ƴan uwana Kiristoci nake jinta, mutanen da ran Lahadi suke zaune suna sauraron labarin Nabot da gonarsa.

Ni Kirista ne, ɗan Damagaram. Mu a Nijar ba mu cika ko kashi 1 cikin 100 ba a ƙidayar 2012, duk da cewa tun 1924 ƴan mishan na SIM suka fara aiki a garin nan. Wannan ƙanƙantar tamu ta koya mana wani abu da wataƙila Kiristocin wasu ƙasashe ba su koya ba. Mu ba mu da zancen a zaɓi namu, gwamna Musulmi ne, magajin gari Musulmi ne, alƙali da kwamishinan ƴan sanda da sarki duk Musulmi ne, kuma haka za a ci gaba, ba mu da wata damuwa da hakan. Don haka tambayar da ta rage mana ita ce wadda tun farko ya kamata kowa ya yi, wane irin mutum ne wannan da aka ɗora a kanmu? In ya samu dama ba mai ganinsa me zai yi da kuɗin jama'a, in marar gata ya tsaya gabansa yaya zai yi da shi? Ran 16 ga Janairun 2015 da aka ƙone majami'u a garin nan mun ga bambancin da ido, akwai maƙwabta Musulmi da suka buɗe ƙofa suka ɓoye Kiristoci cikin ɗakunansu alhali ba wata doka da ta tilasta musu, halinsu ne ya sa su, kuma irin wannan halin nake nema ga wanda ke riƙe da hatimin gwamnati.

Masu ilimin boko da yawa za su ce mini malam ka bar zancen hali, a gina hukumomi masu ƙarfi kawai, a yi dokoki, a sa masu bincike, sai ko ɓarawo ya hau kujera ya kasa sata. Ina tare da su rabin hanya. Littafi Mai Tsarki ma bai yarda a sakar wa mutum ɗaya komai ba, ya san zuciyar ɗan Adam, shi ya sa ko sarki Dawuda sai da aka tsayar masa da annabi Natan. Amma mu duba abin da ya faru da Nabot cikin 1 Sarakuna sura 21, don ni a ganina babu labarin da ya fi shi kama da abin da muke gani. Sarki Ahab ya ga gonar inabin Nabot kusa da fadarsa ya ce a sayar masa ko a yi musaya, Nabot ya ce gadon kakanninsa ne ba zai bayar ba. Yezebel matar sarki ba ta aika ƴan ta'adda cikin dare ba fa. Wasiƙu ta rubuta da sunan sarki ta buga hatiminsa, ta aika wa dattawan gari, aka yi shelar azumi, aka zaunar da Nabot gaban jama'a, aka kawo shaidu biyu kamar yadda doka ta ce, aka yanke hukunci aka jefe shi. Takarda ta cika, hatimi ya hau, shaidu sun cika, har addini an sa a ciki. Hukumomin duk suna nan ba wadda aka rushe, abin da aka rasa shi ne dattijo ɗaya tak da zai miƙe ya ce wannan ƙarya ce ni ba zan sa hannu ba. Duk wanda ya taɓa jin labarin gonar gado a gefen gari da aka wayi gari an yanka ta fuloti-fuloti da takardu masu tambari, ko filin lakwal ko na maƙabarta da ya koma gidan wani, ya san abin da nake faɗi. Doka mutum ne ke riƙe da ita, in mai riƙon ya lalace ita kanta dokar ce za ta zama makaminsa.

Kuma mu a Nijar ba hukumomi muka rasa ba. An kafa HALCIA a 2011 don yaƙi da cin hanci, an kafa COLDEFF, hukumar yaƙi da satar dukiyar ƙasa, a 2023, an kafa kotun binciken kuɗin ƙasa, akwai sufetoci. Tun a 2006 aka yi badaƙalar kuɗin ilimin firamare da ake kira MEBA, kuɗin da aka ce na yara ne masu zama a ƙasa cikin azuzuwan zana. Bayan an kafa HALCIA ma, a 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya nuna wajen miliyar 76 na sefa sun salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, kuma wannan labari ya fito ne ƴan makonni bayan an kashe mana sojoji 71 a Inates da 89 a Shinagodar. To a gaya mini ina aikin da mai ci ya yi a nan? Wanda ya ce bari ya ci in dai zai yi aiki yana ɗauka kamar ci daban aiki daban, alhali abin da aka ci ɗin shi ne aikin. Simintin da aka rage shi ne ajin da ya tsage bayan damina biyu, maganin da aka karkatar shi ne ordonas ɗin da uwa ke yawo da ita a hannu ba ta da jikka biyu. A garin da mata da yara ke kwana layin pampo, ana sayen ruwa wajen ƴan garuwa da tsada duk lokacin zafi, ga matatar mai ta SORAZ tun 2011 tana aiki a ƙofarmu, bai kamata a ce mu ne ke ba ɓarawo uzuri ba.

Yetro surukin Musa da ya ba shi shawarar naɗa shugabanni cikin Fitowa 18 ai bai raba iyawa da hali ba, ya ce a nemo waɗanda suka iya, masu tsoron Allah, masu gaskiya, masu ƙin cin hanci, duk a mutum ɗaya. Saboda haka ba cewa nake a ɗauko mutumin kirki da bai san komai ba a ba shi minista. Yusufu da ya ƙi matar Fotifar shi ne dai Yusufun da ya iya lissafin hatsin shekara 7 ya cika rumbunan Masar, kuma mu da muka san yunwar 1974 da ta 1984 da ta 2005 mun san darajar wanda za a ba makullin rumbun tsimi a yi barci.

Dattawanmu in aka zo nan sai su ce Allah ya jiƙan Kunce. Gaskiya ne mutane da yawa suna tuna Seyni Kunce, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, a matsayin mutumin da ma'aikaci ke tsoron ya taɓa dalar gwamnati a zamaninsa, kuma ina girmama wannan. Amma a zamanin ne kuma mutum ke waigawa kafin ya yi magana, an tsare mutane shekaru ba shari'a. A wurina na Kirista tsabtar hannu rabin hali ce, sauran rabin shi ne kunne. Dawuda ya yi abin da ya fi na Ahab muni ma in ka duba, ya ɗauki matar sojansa Uriya ya sa aka kashe shi a bakin daga, amma da Natan ya shigo ya ce masa kai ne mutumin, bai sa an kama shi ba, bai ce maƙiyin ƙasa ne ba, cewa ya yi na yi wa Ubangiji zunubi. Ahab kuwa da ya ga Iliya sai ya kira shi maƙiyinsa. Ba shugaba marar kuskure muke nema ba don babu shi, wanda za a iya gaya wa ya yi kuskure mai faɗin ya kwana gidansa lafiya, shi muke nema.

Mu tuna da tsohon shugaban ƙasa Baba Tanja. Talakawan karkara sun so shi da gaske, ya gina azuzuwa da ɗakunan shan magani a ƙauyuka, har yau akwai masu yi masa addu'a. Amma da wa'adinsa ya zo ƙarewa sai masu kirari suka kewaye shi, kuma abin da ya kamata mu ƴan Damagaram mu riƙa tunawa shi ne a nan garin ne aka yi ta kiran tazarce a ƙarshen 2008 lokacin aza tubalin matatar mai. Kotun tsarin mulki ta gaya masa gaskiya ya rushe ta, majalisa ma ya rushe ta, aka yi ƙuri'ar raba gardama ran 4 ga Agustan 2009, ran 18 ga Fabrairun 2010 sojoji suka ɗauke shi. Irin abin da ya samu Rehobowam ɗan Sulemanu kenan, ya bar shawarar dattawa ya bi ta masu gaya masa abin da yake son ji, ƙasa ta rabe a hannunsa. Ina faɗin wannan da baƙin ciki don mutumin ya yi alheri mai yawa.

Sai dai in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu ne in ɗan uwanmu ya samu muƙami muke cika masa zaure tun da asuba, wannan kuɗin suna, wannan kuɗin biki, wannan a sa ɗansa aiki, in ya ce albashinsa bai kai ba mu ce ya yi rowa ko ya manta asali, in ya sauka bai gina bene ba mu ce wawa ne bai san ciwon kansa ba. Annabi Sama'ila ya tsaya gaban Isra'ila duka ya tambaye su san wa ya ƙwace, jakin wa ya ɗauka, a hannun wa ya karɓi toshiya, suka ce babu, amma ƴaƴansa da ya naɗa alƙalai su suka riƙa karɓar hanci har jama'a suka gaji suka ce a naɗa musu sarki. Kenan shugaba na iya tsare hannunsa dangi su ɓata masa, kuma dangin nan mu ne. Majami'u ma ba su fita ba. In ɗan siyasa ya kawo ambulan ko buhunan shinkafa lokacin Kirsimati aka karɓa aka yi masa addu'a ta musamman ba a tambayi inda ya samo ba, to bakin fasto ya rufu kenan, ranar da ya kamata ya zama Natan ba zai iya ba. Mu ƴan kaɗan ne, na sani, kuma tsoro yana sa mu neman inuwar kowane mai iko, amma Yahaya Mai Baftisma shi kaɗai ne a jeji ya gaya wa masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da ƙa'ida, ya gaya wa sojoji kada su ƙwaci na kowa kada su yi ƙazafi su haƙura da albashinsu. Bulus ya ce mu yi wa sarakuna da masu mulki addu'a, muna yi kowace Lahadi kuma za mu ci gaba, amma addu'ar ba ta soke faɗin gaskiya ba.

Yanzu ma da babu jam'iyyu, an rushe su a 2025, an rushe majalisun gari tun 2024 an naɗa wakilai, zancen hali ya ƙara nauyi, don talaka ba shi da ƙuri'ar da zai hukunta kowa da ita, abin da ya rage masa shi ne halin wanda aka naɗo masa. Nehemiya ma naɗo shi aka yi, sarkin Farisa ne ya turo shi gwamnan Yahuza ba wanda ya zaɓe shi, amma shekara 12 bai ci abincin da doka ta ba gwamna ba, bai sayi gona ba, bai bar yaransa sun taka jama'a ba, ya ce saboda tsoron Allah ne kuma saboda nauyin da ke kan mutane ya riga ya yi yawa. Ni ba na ma neman gwamna ko wakilin gari ya bar albashinsa. Tsarin mulkin 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, ya tilasta wa shugaban ƙasa da ministoci su rubuta dukiyarsu in sun hau, to ina roƙon duk wanda aka ba amanar jihar Damagaram ko ta wata kwamin a cikinta ya yi haka da kansa ko ba a tilasta masa ba, ya faɗi gidajensa da filayensa ranar da ya shiga biro da ranar da zai fita, a karanta a rediyo da Hausa yadda tsohuwa a Kara-Kara da manomi a Mirriya za su ji, sannan a liƙa sunan duk wanda aka ba kwangila da kuɗinta a ƙofar ma'aikata.