Haddar buɗi ba ta cin gasar ches

Duk wanda ya leƙa inda ɗaliban ABU ke baje allon ches a Samaru ya ga irin wannan: yaro ya jera taku goma na farko cikin minti ɗaya, yana danna agogo kamar ana korarsa, sai abokin karawa ya yi wani takun da babu shi a bidiyon YouTube, nan take hannu ya koma haɓa. Hadda ta ƙare, wasa kuwa yanzu ya fara.

Ba na raina buɗi, wato jerin takun farko da ake fara wasa da su. Sunan Ruy Lopez, wani limamin coci ɗan Sifen da ya wallafa littafinsa a 1561, har gobe yana bakin 'yan wasa a matsayin sunan wani shahararren buɗi. A Landan a 2000, Kramnik ya ƙwace kambun duniya daga hannun Kasparov da tsaron Berlin, wani salon da baƙi ke tare buɗin Ruy Lopez da shi, Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba. Amma a duba abin da Berlin ɗin ke yi: a taku na 8 sarauniyoyi sun bar allo, sarkin baƙi ya rasa damar fakewa a bayan ruk, an faɗa matakin ƙarshe na wasa tun da wuri. Kramnik ya zaɓe shi ne don ya san yadda ake zaman wannan fili na sa'o'i. Matasanmu sun kwafi takun, sun bar zaman.

Na baya-bayan nan ma haka ne. A Singafo, Disambar 2024, Gukesh ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18, kuma wasan 14 da ya yanke hukunci kowa ya ɗauka canjaras ne, har Ding Liren, mai riƙe da kambun a lokacin, ya yi tayin musayar ruk a taku na 55, aka share allo, ya rage sarki da sojoji. In zakaran duniya zai zame a nan, ina ga ɗan aji biyu a harabar ABU ta Kongo?

Shi ya sa nake ganin masu horar da ƙungiyoyinmu, musamman masu shirin NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya, sun juya abin. Buɗi ɗaya da fari, biyu da baƙi, ya wadatar, in dai yaro zai iya faɗin dalilin kowane taku. Sauran lokacin a ba shi sarki da soja ɗaya, ya kai shi gidan ƙarshe a gaban wanda ya iya tarewa. Tarkon taku huɗu yana kama sabon shiga a hostel, amma a gasa zagaye na biyu ake haɗa ka da wanda shi ma ya ci na farko.