Ƙuri'ar raba gardama kaɗai ba ta haifar da ƙasa

Masu cewa lardi zai iya ɓallewa da zarar jama'arsa sun kaɗa ƙuri'a sun ɗauki lamarin da sauƙi. A ganina ƙuri'ar ce mafi sauƙi a duk aikin. Gaskiyar magana tana wajen gwamnatin tsakiya: za ta yarda a zauna, ko ba za ta yarda ba?

Ku dubi Kanada. A 1995 lardin Kwibek ya yi ƙuri'ar raba gardama, masu son a ci gaba da zama tare suka samu kashi 50.58 cikin ɗari. A 1998 Kotun Ƙoli ta ce lardi ba shi da hurumin ficewa da kansa, amma in aka yi tambaya bayyananniya kuma aka samu rinjaye bayyananne, wajibi ne sauran ƙasar ta zauna a tattauna, sannan a gyara tsarin mulki. Ban ga hukuncin da ya fi wannan adalci ba, domin bai toshe bakin jama'a ba, bai kuma bar su su yi gaban kansu ba. Kataloniya, wani yanki na ƙasar Sifaniya, ta tsallake wannan mataki a 2017. Sifaniya ta yi amfani da sashe na 155 na tsarin mulkinta, ta rushe gwamnatin yankin, kuma babu ƙasa ko ɗaya da ta amince da 'yancin.

Ko an yarda ma, rabon gado ne ke biyo baya: bashin ƙasa, takardar kuɗi, fansho, sojoji, kan iyaka, da wanda zai riƙe fasfon wace ƙasa. Cek da Sulobakiya sun raba kadarori biyu bisa ɗaya gwargwadon yawan jama'a, sun rabu lafiya a 1993, duk da haka kuɗin bai ɗaya da suka shirya bai kai mako shida ba ya wargaje. Sudan ta Kudu ta samu kashi 98.83 na ƙuri'ar ɓallewa daga Sudan a 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, alhali bututun ta arewa yake bi. Ba a daidaita kuɗin dakon ba, sai ta dakatar da haƙo mai gaba ɗaya a Janairun 2012. Batun Abyei kuwa, yankin da Sudan da Sudan ta Kudu ke taƙaddama a kansa, har yau yana nan.

Sai kuma amincewar duniya. Kujerar Majalisar Ɗinkin Duniya na buƙatar ƙuri'a 9 cikin 15 a Kwamitin Sulhu ba tare da wani ya hau kujerar na-ƙi ba, sannan biyu bisa uku a babban zaure. Kosobo ta ayyana 'yanci tun 2008, amma adawar Rasha da Sin ta hana ta wannan kujera.