Nasiha: Tulin wanke-wanke ma abin godiya ne

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa maza da mata.

Aikin gida ba ya ƙarewa. A share tsakar gida da safe, kafin azahar yara sun watsa ɓawon gyaɗa. A wanke kwanuka, kafin su bushe an ɗora sanwar dare. Wannan maimaicin ne ke gajiyar da zuciya, har uwa ta wayi gari babu abin da ke fita daga bakinta sai mita da tsaki. Amma ki tsaya gaban tulin nan ki duba shi da kyau. Tukunyar da ta kama ƙanzo, an samu abin dafawa ne. Kayan makarantar da suka dawo da jar ƙasa, yaron da ya sa su yana da ƙafar gudu. Katifar da aka jiƙa cikin dare, akwai ɗan da ke kwana a kanta, alhali wata baiwar Allah ta shekara goma tana roƙon a ba ta wanda zai jiƙa mata. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Tirmizi ya ruwaito. Waɗannan abubuwa uku duk wanda ya same su sai sun bar masa datti: aminci ke tara iyali wuri ɗaya, lafiya ke sa yara ɓarna, abinci ke ɓata kwano.

Allah Ya ce a Suratu Ibrahim, aya ta 7, idan muka gode zai ƙara mana. Malamai kuma sun bayyana cewa godiya da zuciya ake yin ta, da harshe, da gaɓɓai. A sha'anin gida ta harshen ce ta fi saurin kuɓucewa. Yaro ya kifar da kunu a kan tabarma, kafin a kai hannu ga tsumma an riga an ce "Allah Ya tsine maka" ko "ɗan banza". Wannan ya fi kunun da ya zube muni nesa ba kusa ba. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya hana mu yin mummunar addu'a ga kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu, kada mu dace da lokacin da ake amsa addu'a. Tabarma za ta wanku cikin minti biyar, bakin uwa kuwa ba a san inda zai tsaya ba. Ki saba wa harshenki da "Allah Ya shirye ka" tun kafin ranar ɓacin rai, domin abin da harshe ya saba da shi ne ke fitowa idan rai ya ɓaci. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba.

A gidan Annabi (SAW) ma an yi ɓari. Bukhari ya ruwaito cewa wata daga cikin matansa ta aiko da abinci a akushi yana ɗakin wata, mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aiken, akushin ya faɗi ya fashe. Annabi (SAW) da kansa ya tattara ɓaraguzan, ya kwashe abincin yana cewa mahaifiyarku ta yi kishi, sannan ya sa aka mayar da lafiyayyen akushi a madadin wanda ya fashe. An gyara wurin, an biya mai haƙƙi, ba a ci mutuncin kowa ba.

Sai godiyar gaɓɓai, wato yin aikin yadda ya kamata. Wahala da yawa da mata ke sha, musamman masu goyo, ta samo asali ne daga rashin sanin sauƙin da shari'a ta yi.

Najasa da ruwa tsantsa ake kawar da hukuncinta a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa. Don haka idan kin wanke zanen da yaro ya yi wa fitsari da sabulu ko omo, ɗaurayar ƙarshe ta zama da ruwa zalla, har ruwan ya fita garau. Idan launi ko wari ya ƙi fita bayan an yi iya ƙoƙari, an yafe. Idan kina shakka ko najasa ta taɓa tufa ko ba ta taɓa ba, yayyafa ruwa ya wadatar, ba sai kin kwashe kayan ɗaki duka kin kai bakin rijiya ba. Mai shayarwa da ke ƙoƙarin kiyayewa, an yi mata rangwame a kan abin da ya sami tufarta daga jaririnta, kuma an so ta ware tufa ɗaya don salla kawai: zane da hijabi a rataye a ƙusa, ba a goyo da su. Fitsari da kashin dabbar da ake cin namanta, kamar akuya da tunkiya, ba najasa ba ne a mazhabar muddin ba ƙazanta take ci ba, sai dai a share don tsafta. Ummu Ƙais 'yar Mihsan ta kawo wa Annabi (SAW) jaririnta wanda bai fara cin abinci ba, ya ɗora shi a cinyarsa, yaron ya yi masa fitsari. Ruwa kawai ya nema, bai ɗaga murya ba, bai kunyata uwar ba. Haka ya yi da balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci: ya hana a katse shi, da ya gama ya sa aka kwarara guga ɗaya na ruwa a wurin.

Katifa ita ce ta fi ba mutane wuya, saboda ana yi mata gaggawa. Kada a goga, gogawa na tura fitsarin cikin soso ne. A ɗora busasshen tsumma ko tsohon tawul a danna da ƙarfi har ya tsotse. Sannan a zuba ruwa a daidai wurin, a sake dannawa, a maimaita har warin ya tafi, a jingine ta a rana ta bushe ciki da waje. Idan aka mayar da ita ɗaki da sauran danshi a tsakiya, bayan kwana biyu za ta fara fumfuna da wari. A kula kuma, rana na busarwa ta kashe wari, amma a mazhabar ba ita ke tsarkakewa ba, ruwa ne. Wanda ya fi duka sauƙi shi ne a shimfiɗa leda tsakanin katifa da zanen gado tun farko. Yaron da ke fitsarin kwance ba da gangan yake yi ba, duka da gori a gaban 'yan uwansa ba sa tsayar da shi. A rage masa abin sha daf da barci, a kai shi bayan gida kafin ya kwanta, idan ya girma abin bai daina ba a kai shi asibiti.

Jini da ruwan sanyi ake wanke shi, ruwan zafi na dafa shi ne ya zauna a zare. Asma'u 'yar Abubakar ta ruwaito yadda Annabi (SAW) ya koya wa wata mata game da jinin haila a tufa: ta kankare, ta cuɗa da ruwa, ta ɗauraye, ta yi salla da ita. Manja kuwa kada a fara tsoma shi cikin ruwa. A shafa sabulun wanke kwanuka a kan tabon a bushe, a cuɗa, a wanke da ruwa mai ɗumi, a shanya a rana, hasken rana na cinye jan da ya rage. Kada a sa dutsen guga a kan tabon da bai gama fita ba. Tukunyar da ta kama, a zuba mata ruwa a mayar kan wuta ta tafasa, ƙanzon zai saki da kansa. Bayanta kuma toka da soso sun ishe shi.

Idan amai ne ko gudawa, a nan ake bukatar kulawa sosai, musamman da damina lokacin da kwalara ke yawo. A fara kwashewa da leda a hannu, a wanke wurin da sabulu, sannan a zuba ruwan bilic. Idan an rubuta 3.5% a jikin robar, awo ɗaya na bilic a cikin awo shida na ruwa, a bar shi minti 10 kafin a goge. A haɗa na yini ɗaya kawai, domin ƙarfinsa na raguwa. Kada a kuskura a gauraya bilic da maganin wanke masai ko wani sinadari da sunan ƙara ƙarfi: hayaƙin da ke tashi guba ne, kuma banɗaki wuri ne matsattse. Bilic da kananzir da fiya-fiya a ɗaga su sama inda hannun yaro ba ya kai, kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwan sha. Yaro ba ya karanta rubutu, robar da ya sani yake ɗauka ya kai baki.

Da hunturu a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya, a fara da sama, wato yanar gizo da saman sif, a ƙare da ƙasa, a goge kaya da tsumma mai laima. Sharar busasshiyar ƙura ɗaga ta kawai ake yi ta sauka a wani wuri, wata kuma a ƙirjin mai asma. Da damina a zaga gida duk mako a kifar da gwangwani da tsohuwar taya da fasasshen bokiti, a buɗe rariya, domin sauro na iya tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10. Kada a kwarara ruwan wanke-wanke da ragowar tuwo da mai a rariya, man na daskarewa ya riƙe hatsin ya toshe ta. Da dare kuwa akwai umarnin Annabi (SAW) a Bukhari da Muslim: a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a rufe ƙofa, a kashe fitila, tare da ambaton sunan Allah. Ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, ta fitsari da kashinsa a kan abincin da aka bari a buɗe yake shigo da cutar. Rufe tukunya da randa da bismilla sunna ce, rigakafi ne kuma.

Maigida, wannan nasihar ba ta mata kaɗai ba ce. Ba daidai ba ne ka karanta ta ka miƙa wa uwargida ka ce "kin ji, ki riƙa godiya", ka koma kan wayarka. An tambayi Nana A'isha (RA) me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. A wata ruwaya ta ce yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. Godiyarka a kan gidan da ka tarar fes ita ce ka ce "sannu da aiki, Allah Ya saka da alheri" da bakinka, domin wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka ɗauraye butar da ka yi amfani da ita, ka gyara famfon da ke yoyo, ka tabbata akwai ruwa da sabulu. Ka kuma koya wa 'ya'yanka maza wanke kwanon da suka ci abinci a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro ɗan shekara uku zai iya mayar da kayan wasansa cikin kwando, ɗan shekara bakwai zai iya sharar ɗaki da ninke tabarma. Ba zai yi da kyau ba da farko, kada a ƙwace tsintsiyar, a nuna masa lungun da ya tsallake.

Gidan da ke da 'yar aiki, a ji tsoron Allah a kanta. Hadisin Abu Zarr a bayyane yake: a ciyar da masu hidima daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, idan an ɗora a taimaka musu. Yarinyar da ke tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa 'yar wasu ce, tana da haƙƙin barci da karatu da ladanta a kan lokaci.

Gajiya gaskiya ce, faɗin ta kuma ba butulci ba ne. Nana Faɗima (RA) hannunta ya yi kanta saboda dutsen niƙa, ta je neman mai taimako wurin mahaifinta. Bai zarge ta ba. Ya zo gidansu ita da Sayyidina Ali (RA) bayan sun kwanta, ya zauna tsakaninsu, ya koya musu abin da ya ce ya fi musu mai hidima: idan za su kwanta su yi Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34. Sayyidina Ali ya ce bai taɓa barin su ba tun daga nan, har a daren yaƙin Siffin. Ana yin su ne a kan shimfiɗa, da yatsun hannu, ba sai da alwala ba, kuma mai haila da mai jego duk suna yi.