Kuɗin sallama ba jarin gwaji ba ne

Iyayena da yayyena da ke dab da ajiye aiki, ku yi mini afuwa, zan faɗi maganar da ba kowa zai so ji ba. A ganina babu kuɗin da ya kai garatuti, wato kuɗin sallama, haɗari a rayuwar ma'aikaci. Mutum ya shekara talatin yana karɓar albashi wata-wata, bai taɓa riƙe kuɗi mai kauri a dunƙule ba, sai ga shi rana ɗaya sun faɗo asusunsa. Kafin sati ya zagayo masu ba da shawara sun cika ƙofar gida. Wannan ya ce a sayi motar haya, wancan ya ce kiwon kaji, wani kuma ya san wani kamfani da ke ninka kuɗi cikin wata uku. Shi kuwa dattijo bai taɓa sayar da ko allura ba.

Abin da ake mantawa shi ne tsawon tafiyar da ke gaba. Lokacin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan zamani, ya kafa fanshon tsufa a ƙasar a 1889, sai mutum ya kai shekara 70 yake fara karɓa, kuma ba su da yawa waɗanda ke daɗewa suna ci. Yanzu zance ya sauya. A 1950 matsakaicin tsawon rai a duniya bai kai shekara 50 ba, yau ya haura 70. Rai na hannun Allah, babu musu, amma wanda ya ajiye aiki yana da 60 cikin ƙoshin lafiya, hankali ya ce ya yi lissafin shekara ashirin ko fiye. Kuɗin nan da ake gani da yawa, abincin waɗannan shekarun ne da maganinsu.

Ga kuma hauhawar farashi, wadda ke cin ajiya ba tare da an taɓa ta ba. Akwai lissafi mai sauƙi: raba 72 da adadin hauhawar shekara, za ka ga cikin shekara nawa darajar kuɗinka za ta rabu biyu. Idan kashi 6 cikin ɗari ce, shekara 12. Idan 24 ce, shekara 3 kacal. Saboda haka ba cewa nake a rufe kuɗi a akwati a zauna ba, wannan ma asara ce, sai dai tana zuwa a hankali.

A 1994 wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar hannun jarin ƙasarsu ya gano cewa wanda a shekarar farko ya ciri kashi 4 cikin ɗari na abin da ya zuba, sannan duk shekara yana ƙara abin da yake cira daidai da tashin farashi, kuɗinsa kan kai shi shekara 30. Ma'ana, kana bukatar ninki 25 na abin da kake kashewa a shekara. Lissafin ƙasarsu ne, ba zai zauna daidai a ko'ina ba, amma ka gwada shi da garatutinka ka gani. Jikinka zai yi sanyi, za ka kuma daina kallon kanka a matsayin mai kuɗi.

Ni dai da za a tambaye ni, a fara biyan bashi. A ware na asibiti daban, domin hawan jini da ciwon suga ba sa jiran fansho ya fito. Sauran a rarraba shi wurare biyu ko uku da hukuma ke sa wa ido, waɗanda mutum zai iya bayyana wa matarsa yadda suke kawo riba. In ya kasa bayyanawa, to bai gane ba, kada ya saka. 'Yan uwa kuma za su zo da bukatu na gaskiya, a taimaka, amma daga ribar, ba daga uwar kuɗi ba.

Wani zai ce ai zaman banza ma ciwo ne. Gaskiya ne, kuma ban hana sana'a ba. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son kasuwanci bayan ritaya ya fara shi shekara biyar kafin lokacin, da ɗan abin da ya rage daga albashi. In ya faɗi, ƙarshen wata na nan tafe. In ya shekara uku yana riƙe kansa, littafin ciniki ya nuna riba, sannan a ƙara masa wani kaso daga kuɗin sallama, kason da ko ya salwanta gida ba zai kwana da yunwa ba.