Tsohon sitiyarin jirgin ruwa da ya yi toka-toka bai ruɓe ba

Yana damuna yadda ake yar da tsohon sitiyarin katako na jirgin ruwa don kawai launinsa ya koma toka-toka. Masu yin haka suna ganin katakon ya mutu, kuma ba su da laifi, domin a ido haka yake kama.

Amma aikin rana ne kawai. Yawancin waɗannan sitiyari da icen tik ko mahogani ake yin su. Hasken rana yana cinye ɓawon saman katakon, abin da kaurinsa bai fi na takarda ba, ruwa ya wanke, sai launin ya dushe. Ƙarƙashinsa lafiya lau yake, musamman tik, wanda ke da maiƙo a jikinsa.

Ruɓewa ta gaskiya fumfuna ke kawo ta, a inda danshi ya maƙale: wajen da sandunan sitiyarin suka shiga cibiyarsa, ko ƙarƙashin zoben tagulla. Nan ya kamata a duba. A ce ga sitiyari mai sanduna 8, duk ya dushe. Ka danna bakin basilla a gindin kowace sanda. In ta ƙi shiga, katakon na da rai. In ta nutse kamar cikin burodi, wannan sandar kaɗai za a sauya.

Sauran aikin shi ne gogewa da sanfefa mai laushi, da hannu, ana bin layin katakon, don inji yana cinye sassaƙar da ba za ta dawo ba. Daga nan a shafa banish na jirgin ruwa siriri-siriri, sau 6 zuwa 8, kowanne ya bushe tukuna.